Hawan Dutse da Wasannin Dogon Zango: Dalilin da Ya Sa Atisayensu Ya Sha Bamban

Wanda ya saba da gudun fanfalaki ko tseren keke, idan sha'awar hawan dutse ta kama shi, abin da yake fara tambaya shi ne awa nawa zai riƙa yi a mako. Yana da hujjar yin wannan tambaya, domin a fagen da ya fito, yawan aikin da mutum ya tara shi ke nuna inda zai kai. Manyan 'yan gudun fanfalaki na duniya sukan ci kilomita 160 zuwa sama da 200 a mako, wata da watanni, kafin su tsaya a layin tseren kilomita 42 da mita 195. To amma mai hawan dutsen da ya ɗauki wannan lissafi ya ɗora wa yatsunsa, rauni zai riga ci gaba zuwa.

Da farko a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai hawan tsauni, irin na Kilimanjaro mai tsawon mita 5,895 ko Everest mai mita 8,849, inda mutum zai yi kwanaki yana tafe da kaya a baya cikin iskar da oksijin ya yi mata ƙaranci. Wannan wasan juriya ne tsantsa, kuma shirinsa ɗan'uwan na mai gudu ne. Maganarmu kan ɗayan ce, wato hawa miƙaƙƙen dutse, ko bangon da aka kafa wa mariƙai, da yatsun hannu da na ƙafa. Shi ma iri-iri ne. Akwai bolda, gajeren hawa na mita 4 zuwa 5 ba igiya sai katifa a ƙasa, wanda motsi biyar zuwa goma masu tsananin wuya ne ya ƙare. Akwai hawa da igiya, wanda a gasa bangonsa kan kai mita 15 kuma ana ba mutum minti 6. Wasan ya shiga gasar Olamfik a Tokyo a shekarar 2021. Ko a irin da ya fi tsawo a gasa, ka ga minti 6 ne kacal. Mai gudun fanfalaki a minti na 6 ko jikinsa bai gama ɗumi ba.

Abin da ke tsayar da kowannensu

Abu uku ke ƙayyade mai gudun dogon zango: yawan oksijin da zuciya da huhu za su iya kai wa tsoka, da yawan kason wannan iyawa da zai iya riƙewa na tsawon lokaci ba tare da jiki ya cije ba, da kuma ƙarancin kuzarin da yake kashewa a kowane taku. Motsin iri ɗaya ne, ana maimaita shi sama da sau dubu 20 a tsere guda. Saboda haka yin wasan shi ne atisayen wasan. Arthur Lydiard, mai horarwa ɗan ƙasar Niyu Zilan, ya nuna haka tun wajajen 1960, lokacin da ya sa hatta masu tseren mita 800 irin su Peter Snell suna dogayen gudu na watanni kafin su taɓa atisayen sauri, kuma Snell ya ci zinare a Rum a wannan shekara. Daga baya masanin motsa jiki Stephen Seiler ya bibiyi yadda zakarun gudu da keke da tuƙin kwale-kwale suke raba aikinsu, ya ga kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a hankali suke yinsa, saurin da mutum zai iya hira a cikinsa.

Shi kuwa mai hawan dutse, da wuya ka ga numfashi ne ya sauko da shi. Hannu ne ke buɗewa. Yatsun ɗan Adam babu tsokar da ke lanƙwasa su a jikinsu. Tsokokin suna can a sangalin hannu, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, su ke jan yatsun ta hanyar dogayen agara, wato igiyoyin da ke haɗa tsoka da ƙashi. Ƙananan tsokoki ne idan aka kwatanta da na cinya, kuma aikin da ake ba su a jikin dutse na daban ne. Tsokar mai gudu tana matsewa tana saki, kowane saki jini ya kwararo. Tsokar mai hawa kuwa takan matse ta tsaya cak na daƙiƙa biyar, ko goma, ko fi. Idan matsin ya kai kusan rabin iyakar ƙarfin tsokar, sai ta danne hanyoyin jinin da ke cikinta, jini ya kusa daina ratsawa. Daga nan tsokar tana aiki ne da ɗan guzurin da ta tara, gurɓataccen abin da take fitarwa yana taruwa, har sangalin hannu ya kumbura ya yi tauri kamar itace. Duk wanda ya taɓa hawa ya san wannan sanƙarewa: kana ganin mariƙin da ido, kana ba hannu umarni, ya ƙi kamawa.

Nan ne babban bambancin yake. Ɗauki mutum biyu a kan mariƙi ɗaya da ke buƙatar ƙarfin kilo 20 daga hannu. Na farko iyakar ƙarfin yatsunsa a irin wannan mariƙi kilo 40 ne, ka ga yana aiki da rabin ƙarfinsa, jini ya tsaya, lokacinsa ƙidayayye ne. Na biyu iyakarsa kilo 60, yana aiki da kashi ɗaya cikin uku, jini na ɗan ratsawa, har yana iya sakin hannu ɗaya ya girgiza ya huta. Na biyun zai fi daɗewa a bango ko da bai taɓa yin atisayen juriya ba. A hawan dutse ƙarfi yana haifar da juriya, amma juriya ba ta haifar da ƙarfi. Idan motsi ɗaya a tsakiyar hanya ya fi ƙarfin yatsunka, ko da za ka iya yini kana hawa mai sauƙi, a nan za ka riƙa faɗowa.

Shi ya sa ma agogon auna bugun zuciya, wanda masu gudu ke tsara komai a kansa, ba ya faɗa wa mai hawa gaskiya. Riƙon da ba saki, da ɗaga hannuwa sama da kai, da tsoron faɗuwa, duk suna sa zuciya ta buga fiye da yadda aikin yake cin oksijin.

Shin sai an yi atisaye na musamman?

A shekara ta farko, har ma ta biyu ga mafi yawan mutane, amsar ita ce a'a, idan abin da ake nufi shi ne rataya a katako da ɗaga nauyi. Abin da ake buƙata shi ne hawa sau biyu zuwa uku a mako, a wurare daban-daban, da hankali a kan abin da ake yi. Dalili biyu ne.

Na farko, hawan dutse gwaninta ce kafin ta zama ƙarfi. Babu hanya biyu da motsinsu yake iri ɗaya, don haka jiki sai ya tara ɗaruruwan dabaru kafin ya fara zaɓar wadda ta dace ba tare da tunani ba. Sabon shiga yana jan jikinsa da hannu kamar mai hawa igiya, gwiwar hannu a lanƙwashe, ƙugu ya yi nesa da bango, yana damƙe kowane mariƙi da ƙarfi ninkin abin da ake buƙata. Gwani kuma hannunsa a miƙe yake yawancin lokaci, nauyin yana kan ƙashi, yana taka ƙaramin wuri da bakin babban yatsan ƙafa, ya juya ƙugu ɗaya ya manna da bango, sai hannun wannan ɓangaren ya ƙara tsawo, sannan ƙafa ta tura shi sama. Sabon shiga da ya ƙara ƙarfi kafin ya koyi waɗannan, ƙarfin ne zai rufe masa kurakuransa, ya riƙa tsallake wuraren da ya kamata su koya masa darasi, har ya kai matakin da ƙarfi ba ya isa, sannan ya dawo koyon abin da ya bari a baya.

Akwai hanyoyin koyo masu sauƙi da suke aiki. Hau hanya mai sauƙi ba tare da ƙafarka ta yi ƙara ba, kana kallon wurin takawa har sai ka ɗora yatsa a kai, kuma kada ka gyara bayan ka taka. Sauko ta hanyar da ka hau maimakon dirowa. Kafin ka bar ƙasa, tsaya ka karanta hanyar, ka faɗi hannun da zai kama kowane mariƙi, bayan ka sauko ka duba inda hasashenka ya kuskure. Maimaita hanyar da ka riga ka ci sau uku, kowane karo da ƙarancin ƙarfi. Mai hawa da igiya kuma ya koyi faɗuwa da gangan, daga ƙaramin tazara zuwa babba, tare da abokin riƙon igiya da ya ƙware, domin tsoro shi ke sa a damƙe mariƙi fiye da kima. Duk waɗannan suna son jiki mai hutu. Mai gudu yana amfana da ci gaba da gudu cikin gajiya, domin tserensa ma cikin gajiya ake yinsa. Mai hawa da ya ci gaba bayan hannu ya mutu, ɓarna yake koya wa jikinsa: ƙafa na zamewa, kafaɗa na saki, kuma abin da aka maimaita shi ke zama ɗabi'a.

Dalili na biyu shi ne agara. Tsoka na da wadatar jini, cikin makonni kaɗan za ka ji ta ƙara ƙarfi. Agara da maɗauran gaɓoɓi jininsu kaɗan ne, sai sun ɗauki watanni, wasu sauye-sauyen ma shekaru. A wannan tsakanin mutum yana da tsokar da za ta iya jan abin da yatsunsa ba za su iya ɗauka ba. Wanda ya fito daga wani wasa da jiki mai ƙarfi da zuciyar jure wahala shi ya fi kowa shiga wannan haɗari.

Amma kada a fahimci cewa atisaye ba shi da amfani. Wani bincike da Christine Mermier da abokan aikinta suka wallafa a shekarar 2000, a kan masu hawa 44, ya nuna cewa abubuwan da ake iya ginawa da horo, irin su ƙarfin riƙo da juriyarsa, su ne suka bayyana kusan kashi 59 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutanen, yayin da siffar jiki irin ta tsawo da tsawon hannu ba ta kai ko kashi 1 ba. Tarihin wasan ma haka ya nuna. Wolfgang Güllich, Bajamushe, ya ƙirƙiro wani tsanin katako a 1988 a wani ɗakin motsa jiki mai suna Campus a birnin Nuremberg, wanda ake hawa da yatsu kaɗai ba ƙafa, don ya shirya wa hanya guda. A 1991 ya hau ta. Sunanta Action Directe, kuma ita aka amince da ita a matsayin ta farko a matakin wuya na 9a. Sai dai a lura, Güllich ya shafe shekaru fiye da goma yana hawa kafin ya kafa wannan tsani.

Alamar cewa lokacin atisaye na musamman ya yi ita ce mutum ya yi watanni yana hawa a kai a kai ba ci gaba, ya san yadda ake motsin, ƙafarsa na wurin da ya dace, amma yatsu suna buɗewa.

Yadda ake tsara shi

Dokar farko ita ce jeri. A zama ɗaya, abin da ya fi tsanani shi ke zuwa farko, bayan ɗumama jiki: sabuwar dabara da ƙarfin yatsu, sannan fizga, wato motsi mai ƙarfi cikin sauri, sannan juriya a ƙarshe. A mako ma haka, ranar ƙarfi tana biyo bayan ranar hutu. Ɗumama jiki kuwa ba abin wasa ba ne a nan. Andreas Schweizer, likitan hannu a Suwizalan, ya nuna cewa yatsu na buƙatar motsi kamar 100 na hawa mai sauƙi kafin agara da maɗauransu su shirya ɗaukar cikakken nauyi. Wannan kan ci minti 20 zuwa 30.

Don ƙarfin yatsu ana amfani da katakon rataya, wanda ke da gefuna masu zurfi daban-daban. Tsarin da ya fi yaɗuwa ya samo tushe daga binciken Eva López ta ƙasar Sifaniya. A zaɓi gefe mai zurfin milimita 18 zuwa 20. A kama shi da yatsu huɗu, gaɓar tsakiya a lanƙwashe kamar kusurwar ɗaki, babban yatsa a gefe ba a ɗora shi kan sauran ba. Kafaɗu a ɗan ja su ƙasa da baya, kada a saki jiki ya rataya a kan gaɓa. A rataya daƙiƙa 10 da nauyin da mutum zai iya riƙewa daƙiƙa 13, wato a bar rarar daƙiƙa 3, kada a kai ga hannu ya zame. Wanda nauyin jikinsa ya yi masa yawa ya rage ta hanyar taka kujera ko roba mai talewa, wanda ya yi masa kaɗan ya rataya ƙarin nauyi a ƙugu. A huta minti 3 cikakku, a maimaita sau uku zuwa biyar, sau biyu a mako, da tazarar aƙalla awa 48. Jimillar aikin ba ta kai minti ɗaya ba. Nan ne mai gudu ke shan wahala, domin zai tashi bai yi gumi ba, zuciyarsa ta ce masa bai yi komai ba, sai ya rage hutun ko ya ƙara zagaye. Da zarar ya yi haka ya mayar da atisayen ƙarfi na juriya. Hutun minti 3 ɗin shi ne lokacin da tsoka ke buƙata ta mayar da mafi yawan guzurinta na gaggawa, don zagaye na gaba ya fita da cikakken ƙarfi.

Ɗan'uwan wannan shi ne bolda a iyakar iyawa: motsi uku zuwa biyar da mutum bai iya haɗa su ba tukuna, gwaji ɗaya, hutun minti 3 zuwa 5, a tsaya da zarar gwaji ya fara lalacewa, yawanci cikin minti 45 zuwa awa ɗaya. A ganinmu wannan ya fi katakon rataya amfani ga yawancin masu matsakaicin mataki, saboda yana gina ƙarfi da dabara a lokaci guda.

Sai juriya mai zafi, wato iya ci gaba da motsi masu wuya hannu na sanƙarewa. Hanyar da aka fi sani ita ce huɗu sau huɗu: bolda huɗu da mutum ke iya hawa ba tare da faɗuwa ba, a hau su a jere ba hutu, a huta minti 4, a maimaita sau huɗu. A katako kuma ana rataya daƙiƙa 7, a saki daƙiƙa 3, sau shida a jere. Irin wannan juriya tana zuwa da wuri, cikin mako uku zuwa huɗu, tana kuma tafiya da wuri, ga shi tana gajiyar da jiki ƙwarai. Don haka ana ajiye ta zuwa dab da gasa ko lokacin da za a tunkari wata hanya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne yin ta duk shekara saboda ita ce ke sa mutum ya ji ya wahala.

Akwai wuri ɗaya da darasin Lydiard ya shigo kai tsaye. Tsokar sangalin hannu ma ana iya ƙara mata siraran hanyoyin jini, ta hanyar hawa mai sauƙi ƙwarai na minti 20 zuwa 30 ba sauka, hannu na ɗan ɗumi amma bai sanƙare ba. Amfaninsa shi ne saurin farfaɗowa a wuraren hutu na tsakiyar hanya. Mai hawa da igiya yana buƙatarsa, mai bolda kaɗan ya ishe shi.

Inda ake samun rauni

Agarar da ke lanƙwasa yatsa tana bi ta cikin wasu maɗaurai da ke manne ta da ƙashi, kamar yadda madaukan wando ke riƙe bel. Wanda ya fi tsagewa shi ne na gindin yatsa, wanda likitoci ke kira A2, musamman a yatsan da ke kusa da ƙarami. Idan aka kama siririn gefe da yatsu a ƙudundune, aka ɗora babban yatsa a kai, nauyin da ke kan wannan maɗauri yakan ninka na bakin yatsa kamar sau uku. Sai ƙafa ta zame ba zato, nauyin jiki duka ya faɗo kan hannu, a ji ƙara ɗas. Yawanci a ƙarshen zama abin ke faruwa, ko ranar da aka hau kwana biyu a jere da ƙarfi. Ciwon da ake ji idan an danna gindin yatsa gargaɗi ne, kuma rage nauyi na mako biyu a lokacin ya fi watannin jinya. Wanda ya ji ƙara, yatsa ya kumbura, ya je a duba shi.

Gwiwar hannu da kafaɗa su ne na biyu, saboda hawa ja ne kullum ba turi. Minti 15 sau biyu a mako na tura jiki daga ƙasa da hannuwa, da ɗaga nauyi sama da kai, da juya kafaɗa waje da roba, da ƙarfafa tsokar da ke miƙe wuyan hannu, yana rage matsalar sosai.

Yara masu tasowa sha'aninsu daban ne. Ƙarshen ƙasusuwan yatsunsu bai gama ƙwari ba, kuma tsanin Campus da rataya da ƙarin nauyi suna iya tsaga wurin da ƙashin ke girma, abin da kan bar yatsa a karkace har abada. Yaron da ke kukan ciwo a gaɓar tsakiyar yatsa a dakatar da shi, a kai shi hoton ƙashi.

To gudu fa?

Gudu ko keke na minti 20 zuwa 30 sau biyu a mako, a hankali, yana da kyau ga lafiya kuma yana taimaka wa mai hawa ya jure doguwar rana, musamman wanda sai ya yi tafiyar awanni da kaya kafin ya isa gindin dutse. Fiye da haka yana cin hutun da yatsu da baya suke buƙata. Tun 1980 Robert Hickson ya nuna cewa haɗa atisayen juriya mai yawa da na ƙarfi yana rage ƙaruwar ƙarfi bayan wasu makonni. Wanda ke son wasannin biyu ya raba shekara, ɗaya ya yi gaba, ɗayan a riƙe shi kawai kada ya zube.

Wasannin biyu sun haɗu a wata matsala mai tsanani, ita ce rage cin abinci don a yi sauƙin jiki. Yana ba da sakamako na ɗan lokaci, sannan ƙashi ya yi rauni, al'adar mata ta ɗauke, raunuka su ƙi warkewa. Abin ya yi ƙamari a gasar hawa har hukumar wasan ta duniya ta kafa dokar tantance lafiyar 'yan wasa a kan haka a 2024.

Abin da ya cancanci a aro daga masu dogon zango shi ne tsarinsu: ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, sassauta aiki zuwa kusan rabi a kowane mako na huɗu, da rubuta komai. Ma'aunin kansa ne zai canza. Maimakon kilomita, duk mako shida zuwa takwas a gwada yatsu a gefen milimita 20, bayan hutun kwana biyu, a ga nauyi nawa za a iya riƙewa daƙiƙa 7. A haɗa nauyin jiki da abin da aka ƙara, a raba da nauyin jiki: mai kilo 70 da ya ƙara kilo 14 yana kan kashi 120 cikin 100. Idan wannan lamba ta tsaya cak kuma yatsu ke buɗewa a bango, a ci gaba da aikin ƙarfi. Idan tana hawa amma matakin hanyoyin da ake ci bai motsa ba, a rage katako zuwa sau ɗaya a mako, a mayar da sauran lokacin kan takun ƙafa, da karanta hanya, da sabawa da faɗuwa.